Ku Ba Mai Kunne

Ina tsaye a bakin injin niƙan Alhaji Mamman a Tsafe, na kai masa bel biyu da ya yi saƙo, sai waya ta yi motsi a aljihuna. Ƙarar injin ba ta bari na ji komai ba, sai da na fita waje na toshe kunne ɗaya da yatsa. Lawali ne, ɗaya daga cikin manyan makanikan garejin yayana. Bai faɗa mini nan take ba. Ya tambayi inda nake, ya tambaya ko akwai wani babba kusa da ni, ya ce in samu wuri in zauna. Da na zauna a kan wani buhun dawa, sannan ya ce, "Muntari, sai haƙuri. Maigida ya riga mu." Da safiyar ranar na bar Yaya Ɗahiru a asibiti yana shan kunu da hannunsa, har yana yi mini faɗa kada in bar Alhaji Mamman yana jira. Shi ya sa na tafi.

Tun da na dawo daga Maraɗi mutane ke tsayawa a shagona suna tambayar yadda tafiyar ta kasance, da abin da ya sa muka je ɗauko mutum muka dawo babu shi. Na ba da labarin har na gaji, kuma kullum sai in ga na tsallake wani abu. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya. Ban yi karatu mai zurfi ba, zan faɗe shi yadda ya faru.

Yaya Ɗahiru ya yi shekara talatin yana riƙe da garejin gyaran injin ban ruwa da injin niƙa a Gusau. Ni ba makaniki ba ne, kayan gyara nake sayarwa a ƙofar garejin. Mutum goma sha ɗaya ke aiki a ciki, kuma manoman rani daga Nahuce da Karakkai da Wanke can suke kawo injinansu. Bayan addu'ar bakwai aka buɗe gareji, sai muka ga ashe Yaya ne igiyar da ta ɗaure wurin. Inji ya zo, babu mai cewa wane ya kama. Mutum biyu suka yi cacar baki a kan sifana a gaban mai kaya. Baba Sambo, wanda tare suka kafa garejin da Yaya kafin tsufa ya zaunar da shi, ya tara mu ya ce ko dai a samu shugaba kafin manoma su fara ban ruwa, ko kowa ya kwashe kayan aikinsa a rufe wurin da mutunci.

Matar Yaya, wadda muke kira Yaya Rabi, ita ce ke kusa da shi a ƙarshe. Ta aiko da cewa ya yi maganar gareji, kuma abin da ya ce kalma huɗu ne: ku ba mai kunne.

Babu wanda ya yi gardama a kan ma'anar. A sana'ar nan, in an ce makaniki yana da kunne, ana nufin yana jin ciwon inji daga kukansa tun kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Kuma duk ƙasar nan mutum ɗaya ake kira da wannan suna, Isiya Kunne. Yana da wani dogon sukudireba mai ƙotar icce. Yakan ɗora bakinsa a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunne, ya rufe ido, ya faɗa maka abin da ya lalace. Ban taɓa ganin ya kuskure ba. Amma ba ya barin mai inji ya gama magana. Yakan ce, yi shiru, injinka ya fi ka bayani. Shekara shida da suka wuce ya ce wa wani dattijo daga Nahuce, a gaban jama'a, jaki ya fi dacewa da shi ba inji ba. Yaya ya ce ya bi dattijon ya ba shi haƙuri. Isiya ya ajiye sukudirebansa a kan benci ya fita, daga baya muka ji yana Maraɗi.

Mun samu lambarsa daga wani direba. Sau biyar muna kira. Yakan ɗauka, ya ce alo, alo, sai ya kashe. Muka ce girman kai ne, har yanzu bai huce ba. Baba Sambo ya ce tun da haka ne a tura ƙafa, kuma ni ya kamata in je, tun da ni ba na neman kujerar. Lawali ya ce zai raka ni, domin tare suka yi koyo da Isiya, ya san yadda ake shiga wurinsa.

A Bunguɗu tafiyar ta fara, don can Lawali yake zaune, kullum da babur yake zuwa aiki. Mun yi da shi zan biyo masa da sassafe mu koma Gusau mu kama motar farko. Na iske mutum biyu zaune a ƙofar gidansa, wa da ƙane daga Karakkai, sun gaji injin ban ruwa guda daga mahaifinsu, kowa yana son ya fara da shi. Ba gyara suka kawo ba, injin lafiyarsa lau. Lawali ya zauna a kan tabarma kamar babu inda za shi. Ya bar babban ya yi magana har ya ƙare, ya bar ƙaramin ya yi tasa, sannan ya tambayi wane ne fadamarsa ta fi saurin bushewa. A nan suka gane da kansu wanda ya kamata ya fara. Ni kuwa ina ta duba agogo. A gareji ma haka yake, har yara na yi masa laƙabi da Sai An Gaisa, don yakan cinye rabin awa yana tambayar mai inji gida da gona kafin ya taɓa sifana. Mahaifiyarsa ta ba mu hoce da ƙuliƙuli a leda, ta yi mini ta'aziyya a karo na biyu. Kafin mu isa tashar Gusau motar farko ta tashi.

Gajeriyar hanya ta Ƙaura da Zurmi ba wanda ya ba mu shawarar bin ta, kowa ya san dalili. Sai muka ɗauki doguwa, ta Tsafe da Funtuwa da Katsina. Motar da muka samu ba ta cika ba sai bayan azahar, kuma muna shiga Tsafe tayar baya ta yi faci, safayar ma babu iska. Kafin a gama la'asar ta wuce, direba ya ce shi ba ya ƙetare Yankara da yamma. Babu fasinjan da ya yi masa musu.

Gidan Alhaji Mamman muka sauka. Ban so komawa wurin ba, don buhunan dawa na nan jere inda na zauna ranar. Ya lura, ya ja mu zaure ta wata ƙofa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muna ci yana tambayar inda muka nufa. Da na faɗa masa, ya gyara zama. Sannan ya ba mu labarin wani yaronsa da ya fi kowa iya saita dutsen niƙa, garinsa kamar kwalli. Da injina suka zama uku, sai ya ɗora shi a kan sauran. Cikin wata biyu mata suka daina kawo niƙa, don yana yi musu tsawa, sauran ma'aikata suka gudu, shi kuma ba ya samun lokacin saita dutsen. Ya ce ya yi asarar gwani, bai kuma samu shugaba ba.

Na ce masa gareji daban ne. Makanikai ba sa bin mutum don kirkinsa. In inji ya gagari kowa, wurin maigida ake zuwa, in shi ma ya gagare shi, girmansa ya zube ke nan. Lawali ya goyi bayana. Ya ce shi ya san iyakar hannunsa, akwai mutum biyu a garejin yanzu haka da suka fi shi, balle Isiya. Alhaji Mamman ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Kai ne kaɗai makanikin da na taɓa ji ya ce wani ya fi shi. A sa maka hannu a baka ko ka cije?" Lawali ya ce ya danganta da hannun ko an wanke shi.

Washegari muka bi ta Funtuwa da Malumfashi, muka isa Katsina da rana, muka canza mota zuwa Jibiya. Ba abin da ya faru a wannan tsakanin sai wata mata da ta riƙe zakara a cinya, ya yi ta saran kunnen hular Lawali, shi kuwa yana ba ta labarin yadda ake maganin ƙwarƙwatar kaji.

A kan iyaka ne na yi abin kunya. Mun wuce ɓangarenmu, muka isa inda jami'an Nijar ke duba takardu. Aka ce kowa ya sauko da katinsa a hannu. Na zaro kati daga aljihun gaba na miƙa. Jami'in ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin, ya ce wannan ba ni ba ne. Na ce ni ne mana. Ya juyo mini da shi, sai ga fuskar Yaya Ɗahiru. Tun ranar da aka ba ni kayan aljihunsa a asibiti katin ke tare da ni, ban san na saba ɗaukarsa kamar nawa ba. Jami'in ya fara faɗa, yana haɗawa da Faransanci, yana cewa shiga ƙasa da katin wani laifi ne babba, kuma gaskiyarsa ce. Direbanmu ya matso zai sa baki, Lawali ya riƙe masa hannu. Ya bari har mutumin ya faɗi duk abin da zai faɗa ya tsaya don kansa. Sannan ya gaishe shi, ya ce mai katin yayan wannan ne, yau kwana ashirin da shida da rasuwarsa. Jami'in ya sake duban hoton. Ya tambayi ko ina da nawa, na lalubo shi a aljihun wando. Ya haɗa katunan biyu ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce in raba musu aljihu.

Maraɗi ba ta yi mini baƙunta yadda na zata ba. Hausarsu ta fi kusa da tamu a kan ta Kano, munka da sunka duk ɗaya ne. Inda muke rabuwa shi ne sunan kaya. Na tambayi wani mai shago fulogi don in gwada kasuwa, ya ce bai san shi ba, ashe buji suke cewa. Sifana kuma kile. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, na farko da na gutsura sai da dasashina ya yi jini, Lawali ya ce da mun sayi ɗaya mu riƙa dogarawa. Amma dambunsu da zogale ya yi mini daɗi, haka cukunsu, wanda ake ci da shayi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wurare da yawa ke tsayar da aiki da tsakar rana, a huta, sai rana ta yi sanyi a koma. A Gusau in ka rufe gareji da azahar sai a zo yi maka jaje. Mun sauka a ɗakin baƙi na wani ɗan Talatar Mafara mai sayar da tiyo, wanda direba ya haɗa mu da shi. Shi ya kwatanta mana garejin da Isiya yake, ya ƙara da cewa in mun je mu tsaya a gabansa, kada mu yi masa magana ta baya. Ban gane nufinsa ba, na ɗauka zafin ransa yake nufi.

Mun same shi durƙushe a gaban wani injin niƙa da ke aiki. Ya rame, furfura ta fito masa. Na yi sallama sau biyu daga bayansa, bai juyo ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata mun sha hanyar banza. Sai na lura da abin da yake yi. Ya ɗora bakin wata 'yar sanda a jikin injin, ɗaya bakin kuma ya cije shi da haƙora, idonsa a rufe. Can ya cire, ya nuna wa mai injin wani wuri da yatsa, ya ce boris ɗin nan ba zai kai Juma'a ba. Ya miƙe ya juyo, ya gan mu.

Isiya ya fara rungume Lawali. Ni kuwa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya yi mini ta'aziyya da murya mai ƙarfi fiye da yadda ake yin ta, kuma da na amsa, bakina yake kallo ba idona ba. A nan na gane. Ya ce shekara uku ke nan kunnen dama ya mutu, na hagu kuma saura kaɗan, likita ya ce ƙarar inji ce ta shekara da shekaru. Waya in ta yi motsi yana ɗauka, amma ba ya jin mai magana, shi ya sa yake kashewa. Labarin rasuwar ma wani direba ne ya rubuta masa a takarda, bayan an yi mako biyu. Ya ce ya shirya jaka sau biyu, ya kasa tahowa.

Ban san ta inda zan fara maganar da ta kawo mu ba. Ana cikin haka sai ga wani dattijon Buzu da injin ban ruwa a kan amalanke. Isiya ya dafe kai. Ya ce wannan zuwa na uku ke nan. Injin yakan tashi lafiya, ya yi kamar minti goma sha biyar a lambu, sai ya mutu. A gareji kuwa ya bar shi yana aiki awa biyu bai ko yi tari ba. Ya wanke kafireta, ya canza fulogi, ya sa haƙori ya saurara, inji lafiya lau. Ya ce tun da kunnensa ya tafi ya koyi zaunar da mai kaya a gabansa yana karanta bakinsa, amma wannan bawan Allah rawani ya rufe masa baki, kuma a al'adarsu ba a buɗe shi gaban baƙi.

Lawali bai taɓa injin ba. Ya ja dattijon gindin bango, aka aika aka kawo shayi. Na zauna kusa ina jinsu. Ya tambaye shi albasa, ya tambayi nisan lambun da gulbi, ya tambayi wanda ya saya masa injin. Ashe ɗansa ne da ke aiki a Agadas, kuma dattijon yana ji da injin kamar jariri. Sai a kofi na uku, yana ba da labarin yadda yake kula da shi, ya ambaci cewa da zarar ya zuba mai yakan rufe murfin tankin da 'yar fata ya ɗaure tam da roba, don kada ƙasa ta shiga. In zai kawo shi gari sai ya kwance, don kada a yi masa dariya. Lawali ya ce masa ya kyauta da yake tsare injin daga ƙasa, sai dai a murfin akwai wata 'yar ƙofa kamar ta allura, ta nan tanki ke shaƙar iska, in an toshe ta mai ba ya sauka. Ya nuna masa ita, ya ce ya riƙa rufa wa injin buhu daga sama, ya bar murfin.

Isiya yana tsaye yana kallon bakin Lawali. Da ya gane, ya yi dariya har ya zauna a kan amalanken. Ya ce kwana tara yana sauraron ƙarfe, ashe ciwon na cikin rawani.

Bayan la'asar muka zauna mu uku a bayan garejin. Na zauna daidai gabansa, na yi magana a hankali. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Maigida ya ambace shi. Na faɗa masa kalmomin nan huɗu, na ce duk gareji sun yarda shi ake nufi, kuma mun zo tafiya da shi. Ya sa na maimaita. Ya sunkuyar da kai.

Da ya ɗago ya ce, "In ni Maigida ke nufi, Isiyan da ya sani yake nufi, wancan kuwa ya tahi da kunnenshi. In kuma ba ni ba ne, to kun zo neman abin da kunka taho da shi cikin mota."

Lawali ya ce ya bar wannan magana, haƙorin Isiya ya fi kunnensa biyu. Isiya ya ce ba a kan inji yake magana ba. Ya ce ko lokacin da yake jin faɗuwar allura bai taɓa jin mutum ba. Sai da kunnen ya tafi, mutane suka fara juya masa baya yana tsakiyar magana, sannan ya san abin da ya yi wa dattijon Nahuce. Ya ce shugaban gareji rabin aikinsa manomi ne da shukarsa ke bushewa, da yara biyu da ke faɗa, da mai kayan da ya ɓoye abin da ya yi wa injinsa don kunya. Ya ce Maigida kansa ba shi ne ya fi kowa hannu ba, mun dai manta ne.

Wannan ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Sau da yawa na ga Yaya ya kira Isiya ya ce zo ka ji mini wannan, bai kuma ragu da komai a idon kowa ba.

Lawali ya kawo maganar da muka yi a Tsafe, cewa yara ba za su bi wanda suka fi hannu ba. Isiya ya ce, "In an fara ban ruwa zan zo in yi wata guda, in kama injinan da sunka gagara. Kai za ka ce mani kama wanga, in kama. In ga ɗan da zai ce ya fi ƙarfin aikenka bayan ya ga ka aike ni." Lawali ya ce to wa zai iya aiken Isiya Kunne. Isiya ya ce a daina kiransa haka, yanzu Isiya Haƙori ne.

Ya tambayi labarin dattijon Nahuce. Na ce yana nan da ransa, har ya zo gaisuwa. Ya ce to shi ma yana cikin abin da zai kawo shi.

Kwana biyu muka yi, muka juyo ta hanyar da muka bi. A kan iyaka na miƙa katina daidai. Na so in yi wa Lawali magana a mota, na ga ya yi shiru tun daga Jibiya har Funtuwa, abin da ban taɓa gani ba, sai na ƙyale shi. A Tsafe muka tsaya salla, Alhaji Mamman ya leƙo ya tambaya ina gwanin. Na ce yana tafe. Ya dubi Lawali, ya saya mana rake.

Kafin in je wurin Baba Sambo na biya gidan Yaya. Yaya Rabi tana cikin takaba, na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa. Na ba ta labari duka. Sannan na yi mata tambayar da ya kamata mu yi tun farko, wato ko ta san wanda yake nufi. Ta ce ba ta sani ba. Ya faɗi haka, ya nemi ruwa, bai sake komawa kan maganar ba. Ta ce ya sha cewa Lawali ne ke jin abin da ba a faɗa ba. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe a tsumma, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu. Sukudireban Isiya ne. Ta ce shekara shida yana ƙarƙashin gadonsa, duk bayan 'yan watanni yakan ciro shi ya shafa masa mai, kuma a asibiti ya ce in ya samu sauƙi zai kai masa da kansa.

Na fita da shi a hannu ban san abin da zan yi tunani ba. Na so in ɓoye wannan daga taron, don zai dagula abin da ya fara kwanciya. Amma na ga ba ni da ikon tace maganar mamaci. Da aka taru na faɗi komai, har da kurumtar, har da fatar Buzu, har da tsumman. Nasiru, wanda ya fi kowa hannu a cikin waɗanda suka rage, ya ce wannan ya nuna Isiya ake nufi, in kuma Isiya ya ƙi, to a ba mai bi masa a gwaninta. Ba wanda bai gane inda ya dosa ba. Baba Sambo ya ce Ɗahiru ya faɗi tasa ya tafi, ba za a iya tashinsa a tambaye shi ba, mu da za mu zauna da juna mu ne za mu zaɓa. Ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, in yau ka ɓata injin mutum, wa za ka iya zuwa ka faɗa wa ba tare da ka ɓoye komai ba. Mutum takwas suka ce Lawali.

Nasiru ya kwashe kayansa washegari, ya buɗe nasa wurin a hanyar Wanke. Lawali ya je har can ya yi masa fatan alheri, kuma makon jiya ya tura masa inji biyu da suka yi mana yawa. Ban san ko zai dawo ba. Manoma sun fara ban ruwa, gareji a cike yake. Ana jinkiri fiye da da, don har yanzu sai an gaisa, kuma akwai inji ɗaya daga Karakkai da ya gagari kowa, an ture shi gefe an rufe da buhu. Lawali bai ji kunyar ce wa mai shi akwai wanda ya fi mu yana zuwa ba, ya kuma ba shi aron wani kafin nan. Kujerar Yaya ta ƙarfe tana inda take, Lawali bai zauna a kai ba, a kan benci yake zama.

Isiya ya aiko da takarda ta hannun direba, ya ce yana da injina biyar a hannu, in ya sallame su zai taho. Lawali ya ce in ba direban sukudireban ya kai masa. Na ce a'a. Yaya ya ce da kansa zai kai, ni kuma ba zan sa shi a bayan mota tare da buhunan albasa ba. Yana cikin akwatin shagona, a tsumman da aka ba ni shi, jiya na ciro shi na shafa masa mai. Har yanzu bai isa hannun mai shi ba.